Dan Allah a ba ni shawara: gidan reza na ƙarfe irin na da, wanne zan saya kuma ya ake aski da shi?

Ɗan Rigasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar aski don wallahi abin nan ya dame ni, har ya kai in na kalli madubi da safe raina ɓaci yake.

Ina aiki ne a teburin karɓar baƙi a wani waje cikin gari, gemuna na nan ban taɓa shi, amma dole wuya da gefen kumatu su kasance fes kullum saboda yanayin aikin. Shekara kusan 4 kenan ina amfani da shebin sitik ɗin roba mai baki uku, duk sanda na yi aski bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso min a wuya, musamman wajen maƙogwaro da ƙasan haɓa, ga ƙaiƙayi, wasu har su yi ruwa, in sun warke kuma su bar baƙin tabo, kwalar riga ma in ta goga wajen zafi nake ji. Na gwada hodar nan da ake kwaɓawa a shafa ta cinye gashin, fatata ba ta ɗauka ba, sai da wajen ya saɓule. Na koma kilifa a shagon aski, gaskiya ƙurajen sun ɗan ragu amma ka taso aiki a gajiye ka je ka bi layi, in ba wuta kuma a ce sai ka ƙara kuɗin janareta, sau biyu a sati abin ba zai ɗore ba.

Toh ranar Asabar ina gyaran akwatin Baba, Allah ya jiƙansa, sai na tsinci gidan rezarsa na ƙarfe, irin wanda ake kwance mariƙin a sa reza mai baki biyu a tsakiya a sake ɗaurewa. Na tuna duk ranar Juma'a da hantsi yana zama a ƙofar ɗaki da ƙaramin madubi da kofin ruwan ɗumi yana gyara fuska da shi, kuma ban taɓa ganin ƙurji ko ɗaya a wuyansa ba, alhali gashinmu iri ɗaya ne, mai murɗewa. Sai dai nasa ya yi kore-kore kuma mariƙin ba ya ɗauruwa, juyawa kawai yake.

Tambayata, wanne iri ya kamata in saya a matsayina na wanda bai taɓa riƙe shi ba, wace reza ake sa mishi, kuma ya ake yi kar mutum ya yanka kansa? Don gaskiya ina jin tsoro, reza tsirara ce fa a wuya. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Soja (Mando)

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta.

Ni na yi shekaru ina aske fuska kusan kullum saboda aiki, kuma da irin wannan ƙarfen na yi, har yau shi nake riƙe da shi. Zan bar wa samari maganar wanne za ka saya don su suka san sababbin kaya, ni hannu zan koya maka, don na ga mutane sun sayi mai tsada sun zubar da jini, na ga masu na araha suna aski lafiya lau.

Abu na farko kar ka taɓa reza tukuna. Bar gashin wuyan ya fito, ka sa yatsa ka shafa a hankali ka gane ina ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma wuya ba shi da doka, wani wajen yana kallon sama, wani gefe yake bi zuwa kunne, wani mutum ma yana da wajen da gashin ya yi juyi kamar na tsakar kai. Inda ka shafa ka ji santsi nan ne kwanciyarsa, inda ka ji yana karto ka saɓa masa. Kai da kake da ƙuraje kwanciyar za ka bi, ita kaɗai, ba ruwanka da komawa ta baya. Mafi yawan samarin da na gani da lalataccen wuya daga ƙasa suke jan reza zuwa sama don su ji sumul, to nan matsalar take.

Sannan ruwa. Ka yi aski bayan wanka, ko ka jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a wajen kamar minti biyu zuwa uku, gashi in ya sha ruwa laushi yake ya yanku ba gardama. Ka tada kumfa mai kauri amma mai ruwa-ruwa, wadda in ka shafa da yatsa za ka ji santsi, ba busasshiya mai iska ba. In ta bushe a fuska kafin ka kai wajen, sake jiƙawa, kar ka ce bari in ƙarasa haka.

Riƙon kuwa ga yadda na koya wa 'ya'yana. Ɗora saman hular ƙarfen a kumatunka mariƙin na kallon waje, a haka ba za ta yanki komai ba. Sai ka riƙa sauke mariƙin ƙasa kaɗan-kaɗan kana ja a hankali har ka ji ta fara kama gashi, za ka ji ƙarar ma da kunnenka, ƙiris ƙiris. To nan za ka tsaya, masu lissafi suna cewa wajen digiri 30 ne. Kan wannan ba ya lanƙwasa ya bi fuska kamar na roba, kai ne za ka riƙa gyara hannunka a kowace kwana.

Kuma kar ka danna, wannan ka riƙe shi da kyau. Na roba ba shi da nauyi shi ya sa hannunka ya saba dannawa ba ka sani ba, wannan kuwa nauyin ƙarfen ya isa, kai dai ja kawai, da yatsu uku, gajere-gajere kamar tsawon gaɓar yatsa, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin. Kar ka ja shi a kwance gefe da gefe kamar mai yanka nama, haka ne kaɗai yake tsaga mutum sosai. Wajen maƙogwaro ka ɗan ja fatar gefe ta sauka daga kan ƙashin sannan ka bi ta, ko ka yi kamar za ka haɗiye yawu ka riƙe.

Satin farko zuwa na biyu za ka ga ɗigon jini nan da can, ba komai ba ne, hannu ne bai faɗa ba. Ka fara ranar da ba ka sauri.

Abban Hanifa (Barnawa)

Baba Soja ya gama magana kan hannu, Allah ya ƙara girma yallaɓai. Ni bari in shigo ta ɓangaren kaya don na ɗan jima ina bibiyar abin nan, ina da guda huɗu a gida.

Da farko ɗan uwa ka kwantar da hankali, ba reza tsirara ba ce, akwai sandar kariya a ƙasan bakin wadda take fara taɓa fata kafin rezar, bakin da ya leƙo ɗan ƙaramin abu ne. Dalilin ƙirƙiro shi kenan ma tun asali, don mutum ya iya aske kansa a gida ba sai ya iya riƙe aska ba. King Camp Gillette ne ɗan Amurka ya samu rajistar ƙirƙirar mai reza ta yarwa a 1904, da yaƙin duniya na farko aka raba wa sojojin Amurka shi cikin kayansu sai ya bazu. Masu baki da yawa daga baya suka zo, mai baki biyu a jere a 1971, Mach3 mai uku a 1998. Yadda aka tsara su, bakin farko ya ɗan ja gashin waje na bayansa ya yanke kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasan fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi sumul ne kawai, mu kuma da namu yake murɗewa shi ne yake rasa hanyar fita. Har wani baƙar fata a Amurka, Tristan Walker, ya kafa kamfani a 2013 yana sayar da irin wannan gidan rezar mai suna Bevel musamman don masu irin gashinmu, Procter & Gamble suka saye kamfanin a 2018, kaga ba mu kaɗai ke fama ba.

Wajen zaɓe, abu na farko ka duba ƙasan bakin. Akwai mai sanda a rufe, akwai mai haƙora kamar matajin kai. Kai mai sanda za ka ɗauka, mai haƙora yawanci ya fi cizo, na masu barin gashi ya taru ne ko waɗanda hannunsu ya faɗa. Sannan yadda ake buɗe shi, akwai mai gida uku irin na Babanka, hula da faranti da mariƙi, akwai wanda ake murɗa gindinsa saman ya buɗe biyu kamar fiffike. Mai fiffiken ya fi sauƙin sa reza amma in na araha ne yana saki da wuri, ƙofa ɗaya ta riƙa rufewa kafin ɗaya, ni dai mai gida uku nake ba sabon shiga shawara, ba abin da zai lalace a ciki kuma wanke shi ba wuya. Akwai ma masu lamba da ake ƙara kaifi ko a rage irin Merkur Futur, wannan bar shi tukuna, zai sa ka yi ta wasa da lamba maimakon ka koyi hannu.

Waɗanda aka fi yabo ga mai farawa su ne Merkur 34C na Solingen a Jamus, gajeren mariƙi mai nauyi, sai Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila da Mühle R89 shi ma na Jamus, waɗannan biyun kansu kusan iri ɗaya ne, masu sanyin hali. Amma da yadda dala take yanzu ba zan ce ka fara da su ba gaskiya. Akwai Parker na Indiya, Lord na Masar, Baili da Weishi na Chaina, suna aiki, ana samu a intanet, kuma in ka zaga wajen masu kayan aski da kayan kwalliya a kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna ka tambaya ba za ka rasa wani iri ba. In dai hannu da hannu za ka saya, ka sa reza a ciki a gaban mai shagon ka ɗaure ka kalle shi ta sama, bakin da ya leƙo dama ya zama daidai da na hagu, kuma a miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ya karkace ajiye shi ko nawa aka rage maka. Ka sani kuma yawancinsu har masu tsadar kansu da wani gamin ƙarfe ake yi mai suna zamak a lulluɓe shi da ƙyalli, in ya faɗi kan tayil kusar hular da mariƙin ke ɗauruwa a kanta tana iya ɓallewa, kuma kar ka ɗaure da ƙarfin tsiya.

Reza kuwa abin daɗin shi ne duk girmansu ɗaya, kowace tana shiga kowane gida, ba kamar na roba ba da kowane kamfani da nasa kan. Amma halinsu ya bambanta. Derby ta Turkiyya tana da sanyi, Astra mai koren kwali tsaka-tsaki ce ita nake sawa, akwai Shark ta Masar, Dorco ta Koriya, Treet ta Pakistan, ga su Nacet da Tiger da muka taso muna gani a shaguna. Feather ta Japan ita ce aka sani da kaifi, ba ta mai koyo ba ce. Ka duba wadda aka rubuta stainless ko platinum a jikin takardar, don akwai na baƙin ƙarfe masu tsatsa daga an jiƙa su, kuma jabu ya yi yawa a gari, ka sayi kwali a rufe. Kar ka sayi kwalin 100 tashin farko, ɗauki ƙananan fakiti iri biyu ko uku, ka yi sati biyu da kowace ba ka canja komai ba, wadda fatarka ta karɓa sai ka saya da yawa. Ni reza ɗaya tana min aski huɗu, in ka lissafa kwalin 100 aski 400 kenan, mai yi bayan kwana bibbiyu ya haura shekara biyu da kwali ɗaya. Da ka ji ta fara jan gashi maimakon yankewa cire ta ko aski biyu ta yi.

Kuma dan Allah kar ka yar da na Baba. Koren da ka gani alamar akwai tagulla a jikinsa, ba tsatsa ba ce mai cin ƙarfe, jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ka goge da tsohon buroshin haƙori. Da yawa daga masu gida uku zaren kusarsu yana shiga na juna, in mariƙin ne ya cinye ba kusar hular ba, wani mariƙin zai iya kama shi.

Abu Sumayya

Malam ka bar gashin kawai ka huta, wanda ya bar gemunsa ba ya fama da wannan.

Ɗan Rigasa

Na gode malam, ai na faɗa a sama gemun na nan, wuya ne da saman kumatu kawai nake gyarawa. Baba Soja da Abban Hanifa Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na shafa wuyana na ji ashe daga maƙogwaro zuwa ƙasa gashin sama yake kallo, gefen dama kuma kunne ya nufa, shekara 4 ina jan reza ta inda bai kamata ba.

Jikan Sarkin Aska (Tudun Wada)

Ƙanena sannu. Ni wanzanci na gada, na riƙe zabirar mahaifina kafin in buɗe shago, yanzu kilifa da aska duk ina yi, kuma wuya irin naka ina gani kusan kullum.

Abban Hanifa ka yi bayani mai kyau amma ni ban yarda a ce laifin mai baki uku ne kaɗai ba. Akwai masu zuwa wajena da ƙuraje kuma reza ɗaya tal suke amfani da ita, wasu ma tsirararta suke riƙewa a hannu su kankare a bushe ko da ruwan sanyi, reza ɗaya wata guda. Dakusasshiyar reza da busasshiyar fata su ne kan gaba a wajena. Mu wanzamai in muna aski da aska muna miƙar da fata da yatsa don ta fita tas, amma in na ga mutum mai ƙuraje ne ba na miƙarwa, don in ka ja fata ta yi tauri ka yanke, kana saki gashin ya shige ciki. To kai ma a wuya kar ka ɗaga kai sama har fatar ta ɗaure kamar ganga, ka bar ta yadda take, sai dai wajen ƙashin maƙogwaro kamar yadda Baba Soja ya ce.

Abin da ba a ambata ba shi ne alif, wasu su ce alam, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Nemi dunƙule mai tsabta, ka goge kaifin gefensa a ruwa ya yi sumul, in ka gama aski ka ɗauraye da ruwan sanyi ka jiƙa shi ka shafa a wajen. Yana tsaida ɗan jini, kuma malami ne, duk inda ka ji ya yi maka raɗaɗi sosai to nan ka danna ko ka maimaita, gobe sai ka gyara. Kar ka bar shi ya kwana a fuska, minti ɗaya ka wanke, yana busar da fata. Bayan nan ɗan man kaɗanya kaɗan, musamman yanzu da hunturu ke shigowa, ka san yadda iskar Kaduna take fasa fata daga Disamba zuwa Janairu. Sifirit da turare mai zafi a kan sabon aski ni ba na so, zafin da kake ji ba magani ba ne.

Sabulu kuma, in ba ka samu kirim ɗin aski na tub ba sabulun salo mai kyau yana kumfa, sai dai wani yana da kaifi a fata, gwada a gefe tukuna. Buroshin aski na roba mai laushi ya ishe ka, yana ɗaga gashin da ya kwanta.

Sai maganar tsohuwar reza, wannan tana ci min rai. Kar ka jefa ta a bola haka. Yaran nan masu jari bola da hannu suke tona shara, na taɓa ɗaure wa wani yaro yatsa a ƙofar shagona jini kamar an yanka kaza. Samu gwangwanin madara ka huda tsaga a samansa ka riƙa zurawa ciki, in ya cika ka buga bakin ya rufe. Ka ajiye shi inda yara ba sa kai wa.

Ma'aikaciyar Jinya (Unguwar Rimi)

Salam. Ɗan uwa mijina ya yi fama da irin wannan shi ya sa na tsaya na karanta duka. Ina so in ƙara abu biyu ta ɓangaren lafiya.

Ƙurajen nan a asibiti pseudofolliculitis barbae ake kiransu, asalinsu ba ƙwayar cuta ba ce, gashi ne da aka yanke bakinsa ya yi tsini, ko ya fito ya lanƙwasa ya sake soke fata, ko ya soki gefen raminsa tun bai fito ba, jiki kuma sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ta shiga ya kumbura. Saboda haka in ka sa sabon ƙarfe a kan wuyan da yake cike da ƙuraje yanzu, fille kansu za ka yi ka ce abin bai yi ba. Ka huta da reza sati uku zuwa huɗu tukuna, in dole ne saboda aiki ka rage da kilifa ba tare da ta kankare ba, ta bar ɗan tsini kaɗan. Kullum ka ɗora tawul mai ɗumi ka murza a hankali a zagaye, gashin da ya maƙale zai riƙa fitowa da kansa. Kar ka tsige shi daga tushe, wanda zai sake tsirowa ma a ciki zai maƙale, kuma kar ka matse, matsar ce take barin baƙin tabon.

Dan Allah ka guji man shafawar nan da ake ba mutane a kemis ba tare da likita ya gani ba, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, kwana uku ka ga wajen ya lafa ka ji daɗi, in ka daɗe kana shafawa fatar ta yi siriri ta yi fari-fari, ka daina kuma abin ya dawo. In akwai masu mugunya da zafi, ko ka ga tabon yana tasowa yana tauri, musamman a ƙeya, je ka ga likitan fata tun da wuri.

Kuma zan faɗa maka gaskiya, ba kowa ne gidan reza yake warware wa matsala ba. Mijina ya samu sauƙi sosai da shi a kumatu amma ƙasan wuya har yau kilifa yake sawa, ya sayi ƙarama mai caji. In ka gwada wata biyu da kyau ba canji, ba gazawarka ba ce, fatar ce haka.

Na biyu, kayan askinka naka ne kai kaɗai, ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya kar ka ara masa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. In ba ka yi gwaji da allurar rigakafinta ba ka je ka yi, sau uku ake yi.

Ɗan Rigasa

Jama'a na dawo da bayani, yau sati bakwai kenan. Na bi maganar Anti, na huta da reza wata guda cur ina ragewa da kilifa, wuyan ya lafa sai tabo. Na sayi mai gida uku mai sanda a rufe, na Chaina ne, sai da na sa mai shagon ya buɗe guda uku kafin na samu wanda bakinsa ya daidaita, na haɗo da Derby da Astra da buroshi da alif.

Askin farko na yi shi ranar Juma'a da safe, ya ɗauke ni kusan minti 25 hannuna har rawa yake, na ɗan yanke waje biyu gefen maƙogwaro, alif ɗin kuwa ya faɗa min gaskiya a gefen dama don nan na danna. Yanzu na yi sau bakwai, bayan kwana bibbiyu ko uku, na daina ganin jini tun na huɗu. Ƙurji biyu ne suka fito duk tsawon lokacin nan kuma duk a wajen da gashin ya yi juyi. In na shafa ba ya yin sumul kamar da, ana jin ɗan kaushi, amma a ido fes yake, ba wanda ya yi min magana a wajen aiki. Derby ta ɗan riƙa jan gashina, Astra ta fi yi min.

Abban Hanifa ka yi gaskiya, na wanke na Baba ya fito tas har ƙyalli yake a wasu wuraren, na ɗaura masa sabon mariƙin ya kama ram. Na jima zaune riƙe da shi a hannu wallahi. Sai dai na lura tazarar da ke tsakanin reza da sandar ta fi ta sabon faɗi, in gwada shi yanzu ko in jira? Sannan wajen juyin nan ya zan yi da shi?

Tsohon Soja (Mando)

Madalla ɗana, na ji daɗin wannan labari. Faɗin tazarar nan yana nufin ya fi sabon cizo, ka ƙara wata guda da wanda ka saba, ka bari sanyin nan ya wuce fata ta dawo daidai. Ranar da za ka gwada shi sa Derby ɗin da ta rage maka, tunda tana da sanyi za su daidaita, kuma ka fara da kumatu kaɗai, wuya sai a karo na biyu ko na uku. Ka duba hular da kyau ko ta lanƙwasa a kusurwa, tsohon ƙarfe ya sha faɗuwa.

Wajen juyin kuwa raba shi gida biyu ko uku, kowane ɓangare ka bi kwanciyarsa da ja ɗaya ɗan gajere, ka ƙara kumfa kafin ka taɓa na gaba. Tsakiyar cibiyar in ta ƙi fita bar ta, ƙaramin almakashi ya ishe ta.